Ruwan da ke Ƙarƙashin Gonar Babana

Na daina bin hanyar makarantar sakandaren garinmu tun da aka zagaye ta da katanga. In zan je gona sai in zagaya ta bayan makabarta, in ƙara wa gwiwoyina tafiyar da ba su nema ba, don kawai kada idona ya sauka a kan allon nan da suka kafa a bakin ƙofa. An yi masa shuɗin fenti, an rubuta da manyan baƙaƙe, da Turanci da Hausa, cewa wannan makaranta tana hidima ga ɗalibanta da al'ummar da ke kewaye da ita. A ƙarƙashin allon akwai ƙyauren ƙarfe, a jikin ƙyauren akwai kwaɗo da ya kai dunƙulen hannuna. Ni dai ban san irin hidimar da ake yi wa mutum ta bayan kwaɗo ba. In na faɗi haka yaran yanzu sai su ce tsufa ne, tsoho ba ya ganin alherin zamani. To, su faɗa. Ni na zauna a makarantar nan lokacin da ko shingen ƙaya ba ta da shi, na san abin da ta kasance, na kuma san a kan gonar wa aka gina ta.

Gonar babana ce. Ba filin duka ba, tsakiyarsa dai, daga gindin manyan gawon nan zuwa inda aka kafa tankin ruwa. Ina ƙaramin yaro wasu mutane suka zo a mota da igiyar awo, Bulama mai garinmu yana biye da su, suka kakkafa turaku a cikin karan geron da ba a ma gama kwashewa ba. Aka ce gwamnati za ta yi makaranta. Aka nuna wa babana wata gona can kan jigawa ta hanyar Sule Tankarkar, rairayi zalla, wadda ko guna sai da lallashi take yi. Babana mutum ne mai ƙarancin magana, in kuwa ya ƙulla abu a ransa ba mai kwance shi. Bai yi rigima ba, bai kai ƙara ba. Ya dai tsaya a gaban Bulama ya rantse cewa muddin yana numfashi ƙafarsa ba za ta taka filin nan ba, kuma ba abin gwamnati da zai fito daga cikinsa ya shiga gidansa. Da na gama firamare aka ce sunana yana cikin 'yan garin da za su shiga sabuwar makarantar, sai da ya kwana uku bai ci tuwon gidan ba. Ya ce, “Sun ci gonar, yanzu kuma ɗan suke so.” Innata ce ta yi ta bin sa da magana mai sanyi har ya ce in tafi, amma kada in kuskura in shigo masa da ko allura daga can. Haka na zama ɗan makarantar kwana, alhali daga tagar ɗakinmu ina hango hayaƙin murhun innata.

Abin da na fi tunawa shi ne ƙara. Akwai tsohon ƙarfen tayar babbar mota da aka rataye a reshen gawo, shi ne ƙararrawarmu, shi ne kuma agogon gari duka. Matan unguwarmu ba sa cewa ƙarfe kaza, sai dai su ce an buga na shan kunu, ko an buga na tashi. Mai kai wa manoma abinci gona da shi take sanin ta makara. Sai injin ruwa, wanda da hantsi yake fara tari kamar tsohon da ya shaƙi taba, sannan ya daidaita ya yi ta bugawa har azahar. Da sassafe kuma sharar tsintsiyar kaba, yaran makaranta duka a lokaci ɗaya, kamar ruwan sama yana tahowa daga nesa. Kowane yaro an ba shi dashen darbejiya guda da gwangwanin madara na ban ruwa. In naka ya mutu, bayanka ne zai biya. Yanzu ƙararrawar lantarki suka sa, wadda ko a bakin ƙofa ba a jin ta, rabin darbejiyoyin da muka raina kuma an sare su don katanga ta miƙe. Nawa yana ciki.

Kada wani ya ce wanke zamaninmu nake yi. Manyan ɗalibai sun yi mana dukan da ko jaki ba a yi wa, waken da ake dafa mana ƙwarinsa sun fi ƙwayarsa yawa, akwai kuma malamin lissafin da har yau in na tuna shi sai na nemi tsari. Amma makarantar ta san a tsakiyar mutane take zaune. In kunama ta harbi yaro a gari ba a tunanin Gumel, ɗakin shan maganin makaranta ake rugawa da shi, malamin asibitin ya bar abincinsa ya fito. Makarar masallacinmu a ɗakin koyon aikin kafinta aka yi ta, ni na riƙe katakon ana bugawa. Ranar Juma'a bayan an sauko, tsofaffi sukan zo gindin gawo da wasiƙun 'ya'yansu da suka tafi ci-rani kudu, mu karanta musu, mu rubuta amsa, a nan muka koyi inda ake sassauta murya in labarin ba mai daɗi ba ne. Malamin gona yakan raba wa duk mai so irin wake mai saurin nuna, cikin ƙoƙo, ba takarda ba sa hannu. Har masu koro shanu daga ƙetaren iyaka zuwa kasuwar Maigatari sukan ratso ta filin su huta, na taɓa jin wani dattijonsu, da yake su lakwal suke ce wa makaranta, yana cewa, “Lakwal ɗin nan taku ba ta korar baƙo.” Wata tsohuwa mai sayar mana da ƙuli-ƙuli takan ce makaranta kamar rijiya ce, in aka rufe bakinta ba masu ɗiba kaɗai suke cutuwa ba, ruwan ma ɓaci yake. A lokacin dariya muke yi mata.

Ina aji uku abin ya faru. Daminar da ta wuce ba ta yi kirki ba, bazara kuma ta shigo da zafin da kaza take buɗe baki a inuwa. Garinmu rijiya ɗaya gare shi, mai zurfin da sai da sa ake jan guga, tun kakanni kuma daga cikinta ake sha. Wata rana bayan azahar muna aji muka ji wani rugugi kamar daga ƙarƙashin ƙasa, sannan kururuwar mata. Rijiyar ce ta rufta daga tsakiya. Allah ya tsare ba kowa a ciki, amma ruwa ya tafi. Rijiya mafi kusa tana wani ƙauye ta hanyar Gagarawa, in mace ta fita da asuba ba ta dawowa sai rana ta take, da tulu ɗaya tak, su ma 'yan ƙauyen suna harara domin tasu ta fara ja da baya. Cikin kwana uku aka koma taimama a masallaci. Awaki suka fara kwanciya ba sa tashi.

Shugaban makarantarmu a lokacin ba ɗan ƙasar nan ba ne. Daga can kudu mai duwatsu ya zo, gajere, mai sanƙo, Hausarsa tana ɗingishi, addininmu ma ba ɗaya ba. Firinsifal muke ce masa. Ya tara mu da safe ya ce man da ake ba injin ruwa an auno shi ne daidai da yawanmu har ƙarshen zango, dokar da aka ba shi kuma ita ce ruwan na ɗalibai ne kaɗai. Ya ce, “In muka buɗe wa gari, wanka sai Juma'a, wanki sai mako biyu, lambun makaranta zai mutu. Ba zan tilasta muku ba. Amma iyayen wasunku ne can suke taimama, ku kuna nan kuna wasa da ruwa a bayan ɗaki. Wanda ya yarda ya ɗaga hannu.” Waɗanda aka kawo daga birni suka yi ta gunaguni, wani ma ya ce shi ubansa bai aiko shi ya yi warin akuya ba. Amma hannaye suka tashi, na waɗanda suka so da na waɗanda suka ji kunya. Kafin la'asar layin tuluna ya taso daga gindin tanki har bakin hanya. Mu muke cikawa, mu ɗora wa mata a ka, aka kuma tsaga ganga biyu aka yi wa dabbobi wurin sha.

Gida ɗaya ne a garin bai aiko da tulu ba. Babana ya ce rantsuwarsa ba ta san bazara ba, ba ta san damina ba. Innata tana da tsohon cikin autarmu, amma kullum da asuba ita da ƙanwata suke kama hanyar ƙauyen nan. Maƙwabta sun so su raba mata nasu a ɓoye, ta ƙi, ta ce ba za ta shayar da mijinta abin da ya haramta wa kansa ba. Ana nan, wajen kwana goma da ruftawar rijiyar, ina ɗora wa wata maƙwabciyarmu tulu sai ta riƙe hannuna ta ce, “Kai kana nan kana shayar da gari, uwarka ta faɗi a bakin makabarta, tulun ya fashe, da ƙyar aka kai ta gida.” Ban nemi izinin kowa ba. Na cika bokiti biyu na kama hanya, ruwan yana zuba a ƙafafuna. Na tarar da babana a zaure yana tufkar igiya. Ya dubi bokitan, ya dube ni.

“Daga ina?”

“Baba, Inna ce ba lafiya.”

“Na ce daga ina?”

Na faɗa masa. Ya ajiye igiyar, ya tashi, ya ɗauki bokitan ɗaya bayan ɗaya ya tuntsurar a ƙofar gida. Rairayin ya shanye ruwan ina kallo. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce, “Gonar ta riga ta tafi, Baba. So kake Inna ma ta bi ta?” Na zaci zai mare ni. Sai ya ce, “Kwashe kayan gwamnati ka koma wurin ubanka na can.” Da marin ya yi da ya fi min sauƙi.

Da na koma na tarar da Firinsifal tsaye a gindin tanki, an riga an gaya masa wani ɗalibi ya fice da bokitan makaranta. Hukuncin fita ba izini bulala ce a gaban kowa. Ya tambaye ni, na faɗa masa komai, har da maganar gona da rantsuwa, ina faɗa ina shessheƙa. Ya aika aka kira masa Bulama, suka keɓe suka yi magana, Bulama yana nuna ƙasa da sandarsa. Sannan ya roƙi wata mata aron tulunta da gammonta, ya cika, ya ce in ɗora masa. Na tsaya ina kallonsa. Ya ce, “Ɗora mana, ai ka iya.” Haka mutumin nan, da wandonsa mai kari da takalmi sau-ciki, ya ratsa garinmu da tulu a ka, bai iya ɗauka ba, ruwa yana gangaro masa ta sanƙo yana jiƙa rigarsa. Ba wanda ya yi dariya. Maza a bakin masallaci suka miƙe tsaye, wasu suka biyo mu daga nesa.

Ya yi sallama a ƙofar zaurenmu. Babana ya amsa, domin sallama ba a ƙin amsa ta, amma bai ce ya shigo ba.

“Malam, ka yi wahalar banza. Ba na shan ruwan gwamnati.”

“Maigida, gwamnati inji ta kawo, da bututu. Ruwa ba ta zo da shi a mota ba. Na tambayi Bulama, ya ce daidai inda aka huda ƙasar nan, nan kake shuka wakenka. To ruwan gonarka ne. Shekara da shekaru muna sha, ba wanda ya zo ya nemi izininka. Wannan laifinmu ne. Yau na zo neman izini, na kuma kawo wa mai gona rabonsa.”

Babana ya ci gaba da murza igiyarsa a cinya. Mutumin yana tsaye a rana, wuyansa ya fara rawa, ya tallafe tulun da hannu biyu, na kuma ga a fuskarsa ba shi da niyyar saukewa da kansa ko da zai faɗi. An daɗe a haka. Sai wani tsoho, ƙanen kakana, ya yi gyaran murya daga baya ya ce, “A gidanmu dai ba a taɓa barin baƙo da kaya a ka ba.” Babana ya ajiye igiyar, ya fito, ya kama tulun ya sauke da hannunsa. Ya ce, “Izini na ba ku, ku sha. Yafiya kuwa sai na yi tunani.” Ya kira ƙanwata ya ce ta kai wa uwarta.

Innata ta tashi, ta haihu lafiya da faɗuwar damina. Kowace Asabar ɗalibai suka riƙa fita da kwanduna suna kwashe wa masu haƙa rijiyar ƙasa har aka sake kai ga ruwa. Amma man injin ya ƙare tun zango bai ƙare ba, dole aka sallame mu da wuri, manya kuma suka zo daga birni suka ce Firinsifal ya yi almubazzaranci da kayan gwamnati. Kafin mu dawo hutu an yi masa canji zuwa wani wuri, ban sake jin labarinsa ba. Ranar da motar kayansa za ta tashi, ina cikin masu ɗora kujeru sai na hango babana yana tahowa ta tsakiyar filin, riƙe da zakara. Ranar ce kaɗai bayan rantsuwarsa ya taka wurin, sai da ya yi azumin kaffara daga baya. Ya miƙa wa mutumin zakaran ya ce, “Na yi tunanin.” Iyakar maganar ke nan, ya juya.

To wannan ce makarantar da na sani. Yanzu an mai da ita jeka-ka-dawo, maza da mata, an yi sababbin azuzuwa masu jan kwano, ban ƙi ba. Wata ƙungiya ta zo ta haƙa musu rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, ba ta cin mai, ba ta tari, tankinta ya fi hasumiyar masallaci tsawo. Da azahar in ya cika sai ka ji ruwa yana kwarara ƙasa ta cikin katanga, a banza. Bazarar bana famfunan tuƙa-tuƙa na unguwarmu suka lalace lokaci guda. Maƙwabciyata, wata tsohuwa da take riƙon marayun ɗanta, ta je da jarka ɗaya ta buga ƙyauren. Maigadi ya leƙo ta 'yar taga ya ce umarni ne daga ofis, ba a ɗiba. Tana tsaye ya buɗe wa masu tura kurar ruwa, waɗanda kowa ya san abin da suke miƙa masa da inda yake kai rabinsa, suka cika suka fito, suka sayar mata da ruwan a ƙofar gidanta. Ɗakin shan magani ya zama ma'ajiyar karyayyun bencina. Gonar makaranta surukin wani babba a ciki ne yake noma riɗinsa. Akwai ɗakin kwamfuta da aka yi bikin buɗewa har da kiɗa. Jikata da take ajin ƙarshe ta ce sau biyu ta taɓa shiga, duka biyun kuma ranar da baƙi suka zo ne. In ka yi magana a ce maka tsaro, zamani ya lalace, ɓarayi sun yi yawa. Na yarda zamani ya lalace. Amma ban taɓa ganin tsohuwa ta saci tanki a cikin jarka ba.

Ana cikin haka takarda ta zo min. Mutanen da suka haƙa burtsatsen za su zo duba aikinsu, ana gayyatata, ni tsohon ɗalibi kuma dattijon gari, in yi jawabin godiya. Ɗana, uban yarinyar, ya zo ya durƙusa ya ce, “Baba, na san abin da ke ranka. Don Allah ka gode musu kawai ka zauna. Ita ce shugabar ɗalibai mata, jarrabawar fita kuma ta matso. Shugaban makarantar nan ba ya mantuwa.” Na ce masa na ji. Ban ce na yarda ba.

Ranar an wangale ƙyauren har bango. An kafa rumfuna, an kira matan unguwa an jera su da jarkoki a gindin tanki, mai hoto yana ce musu su yi murmushi. Maƙwabciyata tana gaba, domin ita ta fi kama da mabukaciya. Shugaban makarantar na yanzu, wanda bai kai ɗana shekaru ba, cikin shadda mai maiƙo, ya karanta doguwar takarda: makaranta tana ba al'umma ruwa kyauta, tana duba marasa lafiya, tana koya wa matasa noman zamani da kwamfuta, ƙofarta a buɗe take ga kowa. Aka tafa. Sai ya ce, “Yanzu babanmu zai sa mana albarka.” Allah ne shaidata, na tashi da niyyar yin abin da ɗana ya roƙa. Amma da na juya sai idona ya haɗu da na tsohuwar nan, tana rungume da jarkar da aka ce kada ta ajiye sai an gama hoto. Na gode wa baƙi da rijiya. Sannan na ce, “Matan nan da kuke gani, yau ne farkon shigarsu bana. Ruwan nan sayar musu da shi ake yi. Ɗakin maganin da aka faɗa ga shi can, a buɗe muku ku gani da idonku.” Shugaban ya karɓe abin maganar yana murmushi ya ce, “Baba ya tsufa, zamanin da yake tunawa.” Na ce, ba da abin magana ba amma kowa ya ji, “Tsufa na yi, ba makancewa ba. In ƙarya na yi, a bar ƙofar haka gobe.” Wata mata cikin baƙin ta rubuta wani abu a littafinta. Daga nan aka raba lemo.

Washegari kwaɗon ya koma inda yake. Bayan mako biyu aka huda katangar ta gabas aka zuro bututu guda, aka sa masa kan famfo, ana sakin ruwa na ɗan lokaci da safe, kamar yadda ake miƙa wa ɗan kurkuku abinci. Mata suna ɗiba, wasu har addu'a suke min, ni kuwa in na ga layin sai raina ya ƙara ɓaci. A makon nan kuma aka tara ɗalibai aka sauke jikata daga shugabanci, wai ta makara sau biyu, aka cire mata bajo a gaban ƙawayenta. Ɗana ya yi kwanaki gaisuwarsa ba ta wuce ta bakin ƙofa ba. Yarinyar kuwa, wadda tun tana ƙarama take ce min mijinta, take ƙwace min goro tana cewa na gaza cefane, sai ta koma durƙusawa daga nesa ta ce, “Ina kwana, Alhaji,” ta tashi. Da na matsa mata sai ta ce, “Kai ka yi maganarka ka dawo gida. Ni ce nake komawa can kullum.”

Maganar ta hana ni sakat. Na sa babbar riga na je. Maigadi ya tsayar da ni a rana ya shiga ya tambayo, aka zaunar da ni a benci daga hantsi har aka kira azahar, malamai suna wucewa suna kallona kamar wanda ya zo roƙo, roƙon kuwa na zo. Da na shiga ofis shugaban bai ce in zauna ba. Na ce laifin nawa ne, kada a ɗora wa yarinya. Ya ce shi ba ya riƙe mutum a ransa, ya jawo wata takarda da aka riga aka buga ya turo min. Ya ce, “Baba, hannu kawai za ka sa a nan, cewa ba ka fahimci tsarinmu ba ne ranar nan. Mu aika wa baƙin. Ranar Litinin jikarka ta koma kujerarta.” Na ce na bar tabarauna a gida. Gaskiya ne, amma ko da yana aljihuna haka zan ce.

Na zo da takardar gida na ajiye a gabana bayan la'asar, alƙalami a gefe. Ba zan ɓoye ba, saura kaɗan in sa. Me ya rage min a duniya da zan fifita bakina a kan yarinyar da yanzu ta fara rayuwa? Na kira ta na ce ta karanta min. Ta tsaya a tsakar gida ta karanta Turancin, sannan ta fassara, kakarta tana bakin murhu tana ji: wai ni, saboda yawan shekaru da rashin sanin halin da ake ciki, na yi kalaman da ba su da tushe, ina kuma neman afuwa. Da ta gama na ce mata in tana so yanzu zan sa hannu, ba kuma zan taɓa yi mata gori ba. Ta daɗe tana kallon takardar.

Ta ce, “Ka riga ka jawo min asarar muƙami, Alhaji. In ka sa hannu a wannan, kakan ma na rasa.”

Ta ninke ta biyu, ta miƙa wa kakarta ta ce itacen ɗanye ne, a hura da wannan. Ta shige ɗaki. Jarrabawarsu saura 'yan makonni, kullum tana zuwa ta zauna a bencin baya, kuma har yau Alhaji take ce min.